Gada da Marmaro: Darasin Furuci a Salamanka

Da la'asar sakaliya, idan rana ta daki gine-ginen Salamanka, dutsen da aka yi su da shi yakan koma launin zinariya. A wannan birni na yammacin Sifen na sauka, da digirin dakta a hannu da furfura a gemu, na zauna aji ɗaya da sa'o'in ɗalibaina domin nazarin furucin Sifaniyanci. An kafa jami'ar garin a 1218, kuma a nan ne Antonio de Nebrija ya wallafa nahawun harshen a 1492.

Na shiga ajin da ƙarfin gwiwa. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu, sai dai su tsawon wasali ba ya sauya musu ma'ana. Bambancin pero (amma) da perro (kare), wanda ya hana ɗaliban Ingila da Amurka sakat, bai ɗaga mini hankali ba, domin kunnen Bahaushe ya saba raba ra-kaɗe da ra-gare, kamar a baran gidan sarki da barar almajiri. Sautin z na caza (farauta), wanda mutanen Salamanka ke bambantawa da s na casa (gida), ɗan'uwan "sa" mai ɗigo uku ne na Larabci, j kuwa tana kusa da "ha" mai ɗigo a sama. Makarantar allo ta riga ta share mini wannan hanya.

Ashe p na nan tana jirana. Wata Asabar na fito daga dandalin Plaza Mayor ina neman tsohuwar gadar Rumawa da ke kan kogin Tormes. Na tambayi wani dattijo, ya yi mini kwatance cikin fara'a, na bi tiryan-tiryan, sai ga ni a gaban marmaro. Puente (gada) na yi nufi, bakina ya ce fuente. A Hausa, ko ka ce fanko ko panko, abu ɗaya za a miƙo maka. A can kuwa wannan ɗan motsin leɓe ya raba ni da kogi.

Ranar Litinin malamarmu ta ba ni madubi. Ta nuna mini cewa a p leɓɓa biyu suke haɗuwa su tare iska gaba ɗaya, a f kuwa leɓen ƙasa ne ke taɓa haƙoran sama iska na zurarewa. Na san wannan a littafi shekara da shekaru, na ma koyar da shi, amma sai a ranar bakina ya sani.

A bakin gadar, da na same ta daga baya, na tuna ɗalibaina. Muna rubuta musu gurbin furuci a allo, su haddace, su ci jarrabawa, alhali ba su taɓa naɗar muryarsu sun saurara ba. Sifaniyawa suna ɗora alama su raba papa (dankali) da papá (baba). Mu kuwa "fara" ɗaya muke rubutawa, ko ta ci, ko launi, ko somawa, saboda haka kunne ya fi zama mana wajibi.

Madubi ba shi da tsada, kuma kowace waya tana naɗar murya. Daga zangon karatu mai zuwa, da su ɗalibaina za su riƙa shiga ajina.