Tsohuwar Mota da Bashin da ke Kan Gado

A ƙasar Faransa, in mota ta cika shekara 30, mai ita yana iya nemar mata wata takarda ta musamman da ke shaida cewa ta bar sahun ababen hawa na yau da kullum, ta shiga sahun kayan tarihi. Daga nan sai a riƙa lallaɓa ta kamar amarya. Masu irin waɗannan motoci suna da ƙungiyoyinsu. Ranar Lahadi sukan yi jerin gwano daga gari zuwa gari, su tsaya a dandali jama'a ta sha kallo. A Ingila ma haka abin yake. Lahadin farko na watan Nuwamba, motocin da aka ƙera kafin 1905 suna tashi daga Landan da hudowar rana su nufi Biraiton, tafiyar kusan kilomita 100, don tunawa da 1896, shekarar da doka ta yarje wa mota ta wuce saurin mai tafiya da ƙafa. Ba tsere ake yi ba, isa lafiya ita ce nasara.

Ni malamin Faransanci ne da Hausa, kuma kowace shekara sai na yi karo da kalmar patrimoine a littafin karatu. Nakan fassara wa ɗalibai ita da "gado". To amma gado a wurinmu yana da magada, kuma ba a taɓa shi sai an biya bashin da ke kansa. Shi ya sa nake ba su labarin Muluz.

Muluz gari ne na masaƙu a yankin Alzas, gabashin Faransa. A wannan yanki wasu ƴan'uwa biyu, Hans da Fritz Schlumpf, suka yi arziki da sarrafa ulu. Fritz ya kamu da son mota ƙirar Bugatti, so irin wanda ba ya jin kira. Daga ƙarshen shekarun 1950 ya shiga saye ba ƙaƙƙautawa, har ya taɓa kwashe Bugatti 30 a ciniki guda daga hannun wani Ba'amurke. Ya ware wani sashe na tsohuwar masaƙa, ya ɗauki makanikai da masu fenti aka yi ta gyara a asirce, ya kafa ɗaruruwan fitilu irin na gadar Alexandre III ta birnin Pari. A cikin tarin har da Bugatti Royale biyu, motar da shida kacal aka ƙera, tsawonta ya haura mita 6. An yi ta ne domin sarakuna, ba sarki ko ɗaya da ya saya, daga ƙarshe injinan da suka yi saura aka ɗora wa jiragen ƙasa.

A 1976 kasuwar saƙa ta karye, kamfanonin suka durƙushe, ma'aikata kusan 2,000 suka rasa abin yi, ƴan'uwan suka tsallaka Suwizalan. A watan Maris na 1977 ma'aikatan suka kutsa cikin ginin, suka iske ɗaruruwan motoci suna ƙyalli. Ina yawan tunanin fuskar masaƙin da ya shekara ashirin yana shaƙar ƙurar ulu, yau ga guminsa a jere, an goge shi tas. Ba su wargaza tarin ba. Sun mamaye wurin har shekara biyu, suka raɗa masa suna Gidan Tarihin Ma'aikata, suka buɗe ƙofa ga kowa. A 1978 gwamnati ta sa tarin cikin kayan tarihin ƙasa don kada a watsar da shi, a 1982 aka buɗe shi a hukumance. Har yanzu sunan Schlumpf yana manne da shi. Mai ziyara zai karanta shekarar kowace mota da ƙarfin injinta, amma sai ya yi tambaya kafin ya san nawa ake biyan mai kaɗa zare.

Ɗalibaina sukan yi dariya in na nuna musu hoton Peugeot 504 a wani jerin gwanon Turai, an yi mata wanka, direba da hular gayu. Wannan ai Fijo ce! Ita ce ta kai kakanninsu asibiti, ita ce ta yi jigila tsakanin Maraɗi da Katsina, mutum tara a ciki, buhunan gero a bisa. An fara ƙera ta a 1968, aka riƙa haɗa ta a Kaduna daga 1975. Wasu kuma ta hamada suka iso mana: a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan sayi tsofaffin 404 da 504, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgin sama. Abin da ya gaji a can, nan ya soma sabuwar rayuwa.

A nan mota ba ta yin ritaya. Tana aiki har ran da bakanike ya ɗaga hannu, kuma bakanikenmu ba ya saurin ɗaga hannu. Bayan nan ma ba ta mutu ba: maƙeri ya mai da sufirin gatari da wuƙa, ƙafafun baya su koma ƙarƙashin amalanken jaki, taya ta zama takalmi, tif ya zama guga. Ban ga abin kunya a cikin wannan ba. Ajiye mota lafiyayya a ɗaki don kallo sai wanda ya ƙoshi, kuma labarin Muluz ya nuna wanda yakan biya kuɗin wannan ƙoshi.

Duk da haka akwai abin da ke damuna. Itacen Tenere da mota ta kaɗe a 1973 an ɗauko shi an kai gidan tarihi na Yamai, an gina masa rumfa, kuma daidai ne. Ina son a yi wa Fijo guda ɗaya irin wannan karamci, amma kada a sake mata fenti. A bar ta da lotsewarta, da wayar da aka ɗaure ƙofa da ita, da kirarin da direba ya sa aka rubuta a bayanta. A allon gabanta a sa sunan direban, da na karen motarsa, da na bakaniken da ya riƙe ta shekara talatin ba tare da kayan gyara na asali ba, da hanyoyin da ta bi, da kuɗin mota daga Tawa zuwa Ƙonni a zamaninta.

A garejin unguwarmu saura guda, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Masu sayen ƙarfe a sikeli sun zo sau biyu sun taya. Mai garejin ya ce mini yana jira ne farashin kilo ya ɗan ƙara tashi.