Daga Gombe Zuwa Yola Bisa Babur

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin tafiyar da na yi a kakar bana, ƙarshen watan Oktoba, daga Gombe zuwa Yola bisa babur. Da ma na sha bin hanyan nan cikin mota, amma na cikin mota ba ya ganin kome sai ƙeyar na gabansa. Mai babur kuwa inda ransa ya so nan ya ke tsayawa. Tafiyar ta ɗan haura mil 150, na kuwa yi ta cikin kwana uku, don ba sauri na ke yi ba.

Daga Gombe har Kumo babu abin faɗi sai gonaki. Dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa, mata na tsinkar gyaɗa a gindin itatuwa. Daga Billiri ne ƙasa ta sake kama, duwatsun Tangale suka tsaya dama da hagu, waɗansu masu tsini sai ka ce an feƙe su. Na kwana a Kaltungo, inda akwai asibitin da ya yi suna wajen maganin saran maciji. Ƙasar ta kububuwa ce, da kaka kuwa ta kan ɓuya ƙarƙashin dami da tarin kara. Wanda duk ya sauka a wannan waje da niyyar kewayawa bayan gari, ya sa takalminsa, ya duba inda zai taka.

Kashegari bayan na wuce Cham sai duwatsu suka ja da baya, ƙasa ta buɗe shimfiɗe har iyakar ganin ido. Nan ne mutum ya ke shiga kwarin Binuwai. Jar ƙasa ta ƙare, baƙar laka ta soma, giginya tsaye jefi-jefi, belbela fari fat a bayan shanu. Iska ma ta sake, ta yi nauyi, ta yi ɗumi, da warin danshi. Can gaba ga gonakin rake na kamfanin sukari, waɗanda ke shan ruwan madatsar Kiri da aka gama ginawa a kan kogin Gongola cikin 1982.

Da la'asar na iso gadar Numan, na jingine babur na tsaya kallo. A nan Gongola ke zubawa cikin Binuwai. Ruwa ya fara janyewa, tsibiran rairayi sun soma leƙowa, masunta na ta kai da kawowa cikin kwale-kwale, rana ta yi ja ta kwanta bisa ruwan. A makarantar mishan an karanta mana labarin Likita Bronnum, mutumin Danmak, wanda ya sauka garin nan cikin 1913, amma ba wanda ya gaya mana faɗin kogin. Zamanin da, jiragen ruwa na kamfani su kan taso daga bakin teku, su biyo ta Lokoja, su wuce nan har Yola da Garwa, su kawo gishiri da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga. Ba su iya zuwa sai ruwa ya cika, watau 'yan watanni kaɗan cikin damina. Yanzu manyan motoci sun ɗauke wannan aiki. Daren nan na ci tarwaɗa wadda ban taɓa cin irinta ba a Gombe.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani rana ta uku, tsakanin Demsa da Ngurore. Ko'ina a ƙasarmu kaka lokacin girbi ne, amma a nan na tarad da mutane suna shuka. Na sauka na yi sallama da wani dattijo, na ce, "Baba, sannu da aiki. Shuka da kaka?" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, daga tudu ka fito ke nan."

Abin da su ke dasawa masakwa ce, wata irin dawa wadda Fulani ke kira muskuwari. Tun damina ba ta ƙare ba a kan yafa irinta a wani ɗan fili, kamar yadda a ke yi wa albasa. Sa'ad da ruwan kogi ya janye daga baƙar laka, wadda su ke kira karal, sai a share ciyawa, a cire dashen, a datse kan ganyensa. Mutum guda na gaba riƙe da ƙarfe ko turke mai tsini yana huda rami, na bayansa yana zuba ɗan ruwa, ya sa dashe biyu, su wuce. Shi ke nan. Ba a ƙara ba ta ruwa, ba ta kuwa jiran sama. Danshin da lakar ta riƙe shi za ta sha har ta nuna, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu, sa'ad da ƙasa ta tsattsage har ƙafar yaro na iya faɗawa. Ni dai ban ga dabarar noma da ta fi wannan ba ni mamaki ba, kuma ba daga littafi aka koyo ta ba.

Amma dukan dabarar ta rataya ne ga sanin lokacin ruwa. In ya janye da wuri laka ta bushe, in ya yi jinkiri dashe ya tsufa. Dattijon ya gaya mini iyayensu su kan san ranar janyewarsa kusan kamar yadda mu ke sanin ranar albashi, amma yanzu ruwa na iya zuwa rana tsaka, sama garau. Dalili shi ne madatsar Lagdo da ke ƙasar Kamaru, gaba da Garwa, wadda aka gama cikin 1982. In ta cika tilas a buɗe ta, don kada ta fashe, sai ruwan ya gangaro ya tarad da kogin da damina ta riga ta cika. Haka ya faru cikin 2012, haka kuma cikin 2022, shekarar da ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Nijeriya. Ya nuna mini wata tsamiya a gefen gona, da inda ruwa ya kai a jikinta, ya fi tsayina. An daɗe ana maganar gina wata madatsa a Dasin Hausa don ta riƙa tare ruwan, ga shi har yau magana ce.

Ginin madatsa ba aikin akawu ba ne. Amma akwai abin da ke hannunmu. A kan yi shelar sakin ruwa a rediyo da jaridu, mu da ke ofis mu kan ji da wuri, shi kuwa mai gona a bakin kogi sau da yawa sai labari ya yi kwanaki kafin ya same shi, ko kuwa ya zo masa cikin harshen da ba ya ji sosai. Ina roƙon malaman makaranta, da limamai, da masu wa'azi a majami'u, da akawunan hakimai da ke kwarin nan, duk ran da suka ji shelar, kada su bari ta kwana a kan tebur. A gaya wa dagatai, a sa sankira ya kewaya, a faɗa ran kasuwa, da Hausa da Fulatanci da Bacamanci. Kwana uku sun isa mutum ya kwashe hatsinsa da awakinsa zuwa tudu.

Na shiga Jimeta da azahar, sa'an nan na ƙarasa cikin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa cikin 1841. Labarinta sai wata takardar, in Edita ya yarda. Wanda ke so ya bi sawuna ya tashi kafin tsakiyar Nuwamba, don in hazo ya sauko ba zai ga duwatsu ba, balle ƙetaren kogi. Kada ya yi tafiyar dare, ya kuma sassauta in ya hango garke, gama lokacin ne shanu ke gangarowa fadama, ba su kuwa san ƙahon babur ba.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Gombe.