Gudawar da Ba ta Haƙori Ba Ce

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda na tashi, ba a rasa sunan da za a laƙaba wa gudawar yaro. In yana goye a ce haƙori ne, in an ga jini a ce atini ko basir, in ya rame a ce tamowa, ko a zargi uwar da rurrutsa. Sau da yawa zargin ruwan sha da ƙwayoyin cuta daidai ne, musamman da damina. To amma akwai yaron da za a ba kowane irin magani, a gyara masa ruwa da abinci, jinin ya ƙi tsayawa wata da watanni. Irin wannan yaro ne ba mu da sunan ciwonsa.

Likitoci suna da shi: ciwon kumburin hanji mai daɗewa, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa hanjin mai ita. Sanannen nau'insa shi ne cutar Crohn, wadda aka bayyana a birnin New York a 1932. A 2001 aka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da ita, NOD2, yau kuma an san gurabe fiye da 200 a ƙwayoyin halittar mutum da ke ƙara haɗarin ciwon. Ga mafi yawan masu shi, gado ɗan taimako kawai yake yi. Abinci da muhalli da ƙwayoyin da ke zaune a hanji duk suna da hannu.

Labarin jarirai ya sha bamban. A 2009 masu bincike a Jamus da Ingila suka duba wasu iyalai biyu da 'ya'yansu ke kamuwa tun ba su shekara ba, da zawo mai jini da maruru a bakin dubura. Suka tarar da lahani a ƙwayoyin gadon da ke gina mashigar wani sinadari, IL-10, da aikinsa shi ne ya ce wa garkuwar jiki ta dakata haka nan. Da aka yi wa ɗaya daga cikin yaran dashen ɓargo daga wanda suke ciki ɗaya, ciwon ya lafa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne iyalan biyu duka auren zumunci suka yi. Sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba baki ɗaya ciwon ke bayyana, kuma in duka biyun suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, tamkar dai lissafin sikila.

Wata ƙanwata, 'yar kawuna da ke aure a wani ƙauyen Kebbe, ta binne 'ya'ya biyu a jere, kowannensu bai kai yaye ba, kowannensu da zawon jini da ƙuraje a ƙasansa. An je kemis, an je wurin masu sassaƙe, an kwana a asibiti ana ƙarin ruwa. Ba a taɓa yi wa ko ɗaya gwajin da ya wuce na bayan gida ba. Dangin miji suka ce nononta ne ba shi da kyau, alhali mijin taubashinta ne, kakansu ɗaya. A zaman makoki na biyu goggonmu ta jawo ni gefe ta ce, “Ɗana, kai da ka yi boko, wannan abu ba yau ya fara ba a gidan nan.” Ta lissafa mini jarirai uku da suka tafi a irin wannan hali tun zamanin kuruciyarta, da sunan iyayensu da yadda kowa ya haɗa jini da kowa. Abin da masana gado ke fara zanawa a takarda ke nan kafin su ɗebi jinin kowa, ita kuwa tana riƙe da shi a ka.

Ba yaƙi da auren zumunci nake kira ba. Galibin 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau, kuma mutanenmu suna da dalilansu na riƙe shi. Gidan da ciwo ɗaya ke maimaita kansa shi ne ya cancanci a duba shi, a kuma sauke wa uwa laifin da ba nata ba. Mun riga mun saba da gwajin jini kafin aure saboda sikila, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Inda gizo ke saƙar shi ne binciken da kansa bai san mu ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan nazarce-nazarcen gado a kansu 'yan asalin Turai ne. Nau'o'in NOD2 da suka shahara a can ba kasafai ake samun su a Afirka ba. Da shirin H3Africa ya karanta ƙwayoyin halittar 'yan Afirka 426 kacal, a 2020, sai da ya ci karo da bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. An daɗe ana cewa kumburin hanji ciwon Turawa ne. To wa ya leƙa hanjin yaron Kuchi ko na Dogon Daji kafin a yanke wannan hukunci? Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn, atini yana kama da ɗaya nau'in, kuma maganin danne garkuwar jiki da ke taimakon mai kumburi yana iya halaka mai atini. Rarrabe su sai da na'urar leƙa hanji da ƙwararre, wato sai an yi tafiyar kusan kilomita 100 daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga wanda ke da kuɗin mota.

Matakin farko bai kai tsadar na'ura ba. Ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya ƙara tambaya biyu ga duk yaron da zawon jini ya wuce masa wata: an taɓa rasa wani a gidan da irin wannan, kuma mene ne tsakanin iyayen? A rubuta amsar a rajista, a tura yaron gaba. Ranar da masu bincike za su zo neman jini kuwa, su zo da saninsu cewa Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. A yi bayani da Hausa da Fulatanci, a faɗi inda jinin zai je, a kuma dawo wa iyaye da sakamakon har ƙofar gida.