Wasiƙa Daga Holan: Kafin Ka Sayi Injin Sola

Ƙanina,

Ka gaishe min da Inna sosai, da su Kawu na Getso, da duk mai tambayata.

Na saurari saƙon da ka turo kan injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ina bayanka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ke cinye ribar mai noman rani kafin tumatirinsa ya nuna, don haka zan turo nawa kason in sha Allahu. Amma a ƙarshen saƙon ka ce Turawa sun yi mana fintinkau, ba za mu taɓa kamo su ba. Wannan magana ta tsaya min a rai, ita ce dalilin wasiƙar nan.

Nisan gaskiya ne, ba zan rage maka shi ba. A yankin Westland inda nake aiki, kusa da birnin Hague, tumatir ba ya taɓa ƙasa. Cikin gidan gilashi yake, saiwarsa a cikin wani abu mai kama da soso, siririn bututu na ɗiga masa ruwa da taki gwargwadon yadda kwamfuta ta auna. Ruwan da ya tsiyaye ba a zubar da shi, tace shi ake yi, a kashe ƙwayoyin cuta, ya sake komawa. Ruwan saman da ya sauka a rufin gilashin ma tafki aka yi masa. Akwai ƙananan kwalaye a tsakanin layuka, da wata irin ƙudan zuma mai kauri a ciki, sayo su ake yi musamman don su yi wa fure barbara. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana ba da sama da kilo 50 a shekara. Kai da ka ga yadda tsutsa ta share gonakin tumatir a Kano a 2016, ka san abin da wannan lissafi ke nufi.

Sai dai na daɗe a nan kafin na gane cewa gidan gilashin ba shi ne tushe ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar nan yana ƙasa da matakin teku. A 1953 teku ya fasa shinge cikin dare, mutane sama da 1,800 suka rasu. Tun ƙarni na 13 manoma suka kafa majalisun ruwa, domin idan mutum ɗaya ya yi sakaci da nasa ɓangaren shingen, kowa zai nutse. Har yau suna nan, guda 21, ana zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, kuma kowane gida yana biyan harajinsu daban da na gwamnati. Ni ma takardar tana zuwa min. Kafin shigowar hunturu, duk mai gona sai ya yashe magudanar da ke gefen gonarsa. Na ga maƙwabcinmu, dattijo mai furfura, sanye da dogon takalmin roba yana janyo ciyawa da laka daga cikin ruwan sanyi, alhali yana da kuɗin da zai sa a yi masa. Masu dubawa za su zagayo, wanda bai yi ba a yi masa, ya biya kuɗin aikin. Ba na jin akwai injin da ya burge ni a ƙasar nan kamar wannan.

Mu fa ba a bar mu hannu rabbana ba. Tun zamanin Audu Bako aka fara gina madatsun ruwa a Kano, aka gama Tiga a 1974. Mu a yankinmu ga Guzuguzu, ga Magaga, ga babban dam ɗin Challawa a Ƙaraye. Wa ke hana a nome bakin ruwa har gaɓa, damina ta kwaso ƙasa ta zuba ciki? Wa ke tara manoma a yashe hanyar ruwa kafin rani? Muna yara mun ga aikin gayya da idonmu, ana kiɗa ana noma. Yanzu da zarar an ce abu na gwamnati ne, ya zama marar uba. Wannan yana ci min rai fiye da rashin gidan gilashi.

Kada kuma ka ɗauka dabara sai ta fito daga Turai. A Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da ta sake yin itatuwa a Nijar, ba tare da an dasa ba, kuma masana daga ƙasashen nan suna zuwa koyo. Gawon da Baba ya hana a sare a gonarmu, mai zubar da ganye da damina ya takince ƙasa, ilimi ɗaya ne. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, da tukwane biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ya adana kayan miya kwanaki, har ya sami lambar yabo ta Rolex.

Su ma nan suna da nasu laifin. Iskar gas mai yawa suke ƙonawa don ɗumama gilashin da sanyi, kuma hayaƙin ƙasashe irinsu ne ya dagula damina, alhali duk Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Yawancin masu tsinkar tumatirin baƙi ne. Mutum zai tsufa shi kaɗai a ɗaki, maƙwabci bai leƙo ba. Wannan ba na yi mana fatansa.

To, batun injin. Farashin farantin sola ya faɗi ƙwarai, yawancinsa daga Sin ake ƙero shi, saye ba shi ne wahala ba. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi, sai an riƙa goge shi da sassafe. Sannan tunda ruwan ya zama kyauta, kowa zai bar injinsa yana zuƙa daga safe har la'asar, rijiyoyin fadama su ja baya, na kusa da kai ya rasa. Kada ka saya kai kaɗai. Ka nemi waɗanda kuke iyaka da su, ku haɗa kuɗi, ku raba ranakun ban-ruwa a rubuce a gaban Mai Unguwa. Duk girbi ku ware kuɗin gyara. Ku zaɓi yaro guda mai ƙwazo ku tura shi Kano ya koyi haɗawa da gyaran injin, kuɗin koyonsa ni zan biya.

Ka zauna da su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka turo min abin da kuka tsayar, ni kuma in aiko da kuɗin a makon.

Wassalam,
Yayanka.