Darasin Jirgi Marar Inji

Mu mazauna Fegge, unguwar nan ta Anaca da ke daf da gadar Kogin Kwara wadda aka buɗe a 1965, zama da batir ya zame mana dole. Da zarar an ɗauke wuta, shi ne ke riƙe mana fitila da rediyo da wayoyin da muke jin muryar iyalanmu na Arewa da su. Wannan dogaro ne ya sa muka ga dacewar waiwayar wasu mutane da rayuwarsu ke rataye da irin batirinmu, wato matuƙan jirgin sama marar inji.

Shi wannan jirgi, wanda Jamusawa suka fara gasarsa a tsaunin Wasserkuppe a 1920, jan sa ake yi zuwa sama a sake shi, ya riƙa bin iska mai ɗumi kamar shirwa. Tun da ba shi da inji, babu abin da zai yi wa batirinsa caji a sama, sai fa in an manna masa farantin sola. Galibi ɗan batir ne mai bolt 12, nauyinsa bai kai kilo 3 ba, irin wanda ke cikin akwatin UPS na kwamfuta. Shi ke ciyar da rediyon matuƙi, da na'urar da ke nuna masa hawa da sauka, da FLARM, wadda aka ƙirƙiro a Suwizalan a 2004 don gargaɗin karo.

Abin lura shi ne yadda suke tsoron wannan ɗan batir. Suna ɗaure shi tamau don kada ya motsa, su rufe kawunansa biyu don kada ƙarfe ya haɗa su. Sa'an nan su sa fiyus daf da kansa, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta. In ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta, nan take sai ta yi ja ta kama hayaƙi. Matuƙi kuwa ba shi da gefen titin da zai tsaya ya fita.

Mu ma, in an duba, ba mu da wurin gudu. Shagunanmu a manne suke da juna, cike da atamfa da roba da kwali. Amma sau da yawa mukan ga an jona inbata da batir kai tsaye, ko fiyus ya ƙone a maye gurbinsa da silin waya. Alhali ƙonewarsa ita ce aikinsa: ya mutu don waya ta tsira. Mai ɗaure shi da waya tamkar ya kori maigadi ne don ya yi ihu.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin fiyus bai kai na kwanon abinci ba, gobara kuwa ba ta tambayar shagon wane ne kafin ta tsallaka.