Daga Madani Zuwa Damazin: Labarin Famfunan Iskar Jazira

Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce kamar an baza tabarma, da ƙyar ido zai ci karo da tudu. Tana kwance tsakanin koguna biyu, wato Farin Nilu ta yamma da Shuɗin Nilu ta gabas, waɗanda suke haɗuwa a Hartum. Da yake babu abin da zai tare ta, iskar arewa idan ta taso a watan Nuwamba ba ta kwantawa sosai sai wajen Maris. Ita ce ta yi mana rakiya a watan Janairun 2022, lokacin da muka tashi daga Wad Madani muka bi gaɓar Shuɗin Nilu har Damazin, muna ziyarar 'yan'uwanmu Hausawa mazauna can. Zumunci ne ya kai mu, amma duk inda muka sauka, da zarar an gama gaisuwa an kawo shayi, sai maganar ruwa da wutar lantarki ta taso, kuma ta nan zancen iska ya shigo.

Ga waɗanda ba su sani ba cikin masu karatu, zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Tun da daɗewa alhazai suke bin hanyar ƙasa zuwa Makka, guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya neman na gaba, shekara ta kori shekara. Sannan ga babbar hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, Allah Ya jiƙansa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno wajen 1906. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, sai neman ma'aikata ya tashi, kuma mutanenmu suna cikin waɗanda suka yi ciran ciyawa da tsinkar audugar da ta riƙe tattalin arzikin Sudan shekara da shekaru. Larabawan wurin kan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata. Har gobe tsiren da ake ji da shi a biranen Sudan sunansa agashe, kuma ba sai an faɗa wa Bahaushe inda kalmar ta samo asali ba.

To, a Jazira gonar da hukuma take yanka wa manomi ana ce mata hawasha, kuma kaɗan ne cikin mutanenmu suka samu. Mafi yawa ƙwadago suke yi ko noman raba-daidai, da yawansu suna zaune a unguwannin ma'aikata da ake kira kambo, a bakin magudanar ruwa, nesa da ƙauyukan da hukuma ta san da zamansu. Ƙauyen da ba ya cikin takarda kuwa ba a ja masa waya, ba a gina masa tanki. Mun kwana biyu a wani kambo a kudu da Madani. Ruwan da ake ɗiba daga magudana shi ake sha, shi ake wanka da shi, jakuna ma nan suke sha, kuma tsargiya a wurin yara ta zama kamar gado.

A hanyarmu ta fita daga nan ne wani dattijo da ya rako mu ya tsai da motar a gefen wani tsohon ƙauyen manoma, ya nuna mana guntayen ƙafafun ƙarfe a binne cikin siminti, kusa da wata rijiya da aka rufe. Muka ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce nan ne fankar take. Yana yaro, in ji shi, daga nesa kake hango ta tana juyawa a bisa doguwar hasumiya, tana ƙara kamar ana kaɗa ƙarfe, ruwa yana zuba cikin tanki ba dare ba rana, ba mai sayen mai, ba mai ja da guga. Su 'yan kambo sukan zo da jaki su roƙa, wani lokaci a ba su, wani lokaci a kore su.

Abin da dattijon nan ya tuna yana nan a rubuce. A shekarun 1950 an kafa famfunan iska kimanin 250 a Jazira domin samar da ruwan sha, kuma ƙirar Southern Cross ne, na wata maƙera da ke garin Toowoomba a ƙasar Ostireliya. Iyalan Griffiths ne suka kafa maƙerar, kuma sun fara fitar da famfon iska mai wannan suna a 1903, wato shekarar da ake gwabzawa a Burmi. An ƙera shi ne domin makiyayan dajin Ostireliya, inda mutum zai yi tafiyar yini bai ga makaniki ba, saboda haka ba shi da wani surƙulle. Fanka ce mai fukafukai da yawa, da wutsiya mai juya ta ta fuskanci iska, da 'yan haƙoran ƙarfe da ke iyo cikin mai, da doguwar sanda mai hawa da sauka cikin rijiya tana tura ruwa sama. Abin da yake buƙata shi ne a sauya masa mai kamar sau ɗaya a shekara, a ɗaure kusoshi, a canza fatar da ke cikin famfon idan ta cinye.

Duk da haka ba su yi ƙarko a Jazira ba. Kayan gyara suka yi wuyar samu, ga injin dizal ya shigo a lokacin da mai yake da araha, wanda kuma yake ba da ruwa ko da iska ko babu. Sannu a hankali fankokin suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, har aka daina ganinsu. A tsakiyar shekarun 1980, bayan tsadar mai ta gasa wa kowa aya a hannu, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sudan ta haɗa kai da wata ƙungiyar ƙasar Holan mai suna CWD aka sake gwada famfunan iska a kewayen Hartum, har da yunƙurin ƙera su a gida, amma abin bai yaɗu ba. A ganinmu ba ƙarfen ne ya gaza ba. An kawo inji daga ƙarshen duniya, ba a bar shagon kayan gyara a Madani ba, ba a kuma mai da gyaransa sana'ar da wani zai ci abinci da ita ba. Abin takaici, fatar famfon nan duk wani baduku na kasuwar Sinnar zai iya yanka ta in an nuna masa awo.

Daga Madani zuwa Sinnar tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Madatsar tana nan doguwa, ta kai kusan kilomita 3, kuma daga gare ta ruwa yake gangarawa da kansa cikin manyan magudanai ya shayar da fili fiye da fadan miliyan 2, idan aka haɗa da faɗaɗawar Manaƙil. Mai Wurno tana gaba kaɗan, kamar kilomita 15 kudu da Sinnar, a gaɓar yamma. Nan kam mutum sai ya ɗauka yana wani gari a ƙasar Sakkwato: ga fadar sarki, ga Fulatanci da Hausa da Larabci suna cakuɗuwa a kasuwa, ga masunta da kwale-kwalensu. Sai dai gonakin nan suna sama da madatsa, ruwa ba ya zo musu da kansa, sai an ɗaga shi. Kakanni da jigo suka yi, 'ya'yansu suka koma injin dizal, wanda suke kira babur. A lambunan ayaba da mangwaro da albasa da muka zaga har zuwa Sinja, kukan kowa ɗaya ne, wato kuɗin mai. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan rijiyoyin man ƙasar, dizal ya zama abin layi, sannan gwamnati ta janye tallafinsa a 2021.

A Damazin kuma ga madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, tana iya ba da wuta megawat 280. Ƙarin tsawon ya cinye ƙauyuka da dama, aka kwashe mutanensu zuwa sababbin matsugunai masu lamba a maimakon suna. Manyan wayoyi suna tashi daga nan su nufi arewa, suna bi ta saman ƙauyukan da har lokacin ziyararmu da fitilar batir ake cin tuwon dare.

A nan ne wani matashi malamin makaranta ya nuna mana hoto a wayarsa: wata doguwar mota ɗauke da fiffike guda ɗaya wanda ya fi motar tsawo. Injin iska ne na samar da lantarki, irinsa na farko mai girma a Sudan, mai tsawon mita 63, wanda aka kawo daga Holan a 2021 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sauke shi a Fot Sudan aka nufi Dongola da shi. Aka ce zai wadatar da mutum 14,000. Tambayarsa ita ce, me ya sa Dongola, ba nan ba?

Amsar tana cikin ɗabi'ar iska. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninkawa takwas yake yi, don haka ɗan bambanci tsakanin wuri da wuri babban abu ne a wurin mai zuba jari. Iskar Sudan ta fi ƙarfi a arewa da bakin Bahar Maliya, tana raguwa yayin da kake yin kudu. Ta Jazira ta isa ta juya famfon rijiya, amma ba ita manyan kamfanoni za su fara nema ba.

Su kuwa kamfanonin nan, rawar da suka taka wajen rage dogaron duniya ga mai da gawayi ba ƙarama ba ce, kuma akwai darasi a tarihinsu. Ɗauki Vestas na ƙasar Denmak. A 1945 aka kafa shi a wani ƙaramin gari mai suna Lem, yana ƙera kayan gida, daga baya kayan noma. Sai a 1979 ya fara sayar da injin iska. Ya dogara da kasuwar Kalifoniya, da Amurka ta janye rangwamen haraji sai ya durƙushe a 1986, aka sake tayar da shi a shekarar da ta biyo, har ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Shi ne ya kafa injuna 365 a bakin tafkin Turkana a Kenya, masu ba da megawat 310, waɗanda aka yi bikin buɗewa a 2019. Abin lura shi ne bai sauke kaya ya juya ba: ya sa hannun jari a aikin, ya kuma ɗauki kwantiragin kula da injunan na shekaru masu yawa. Ko da hakan, an gama kafa su a 2017 suka zauna fiye da shekara ba a amfana da su ba, domin wayar da za ta kwashi wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, ba a gama ja ba.

Mu Hausawa ma muna da namu misalin a gida. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an bai wa kamfanin Vergnet na Faransa aikin kafa injuna 37, kowanne kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10. A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwambar 2013, aikin kuma ya yi shekaru yana jan ƙafa. Maƙeri komai ƙwarewarsa ba ya kawo zaman lafiya a cikin akwatin kaya.

Wannan kuwa shi ne abin da ya sami wuraren da muka bi. Wata shida bayan dawowarmu, a Yulin 2022, rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a Rusairis da Damazin a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka yi gudun hijira. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Madani ta faɗa hannun dakarun a Disambar 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, ga Mai Wurno a tsakanin Sinja da Sinnar. Soja sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Madani kuma ranar 11 ga Janairun 2025. A farkon 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari tashar wutar madatsar Marawi, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, garuruwa da dama suka kwana cikin duhu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mai da na gudun hijira gidajensu.

Saƙonnin da muke samu daga dangi suna nuna cewa abin da ya riƙe mutane a wannan tsakani faifan hasken rana ne, mafi yawa ƙirar Sin, wanda farashinsa ya faɗi ƙwarai tun daga 2010. Da shi ake cajin waya a kasuwa, da shi wasu rijiyoyin burtsatse suka ci gaba da ba da ruwa lokacin da dizal ya ɓace. Ba shi da abin da ke juyawa balle ya cinye, jaki ma yana iya ɗaukarsa, amma wannan sauƙin ɗauka shi ya sa ɓarayi suke sonsa, kuma da rana ta faɗi famfo ya tsaya. Fankar iska kuwa tana aiki da dare, ba kuma mai saɓa hasumiya a kafaɗa ya gudu.

Mutanen kambon da muka kwana sun komo, sun kafa kwamitin rijiya, suna tara kuɗi kaɗan-kaɗan, wasunsu suna son faifan rana, dattawa suna tambaya ko har yanzu ana ƙera fankar da suka sani. Sun roƙe mu mu tambaya musu abu uku kafin su saki ko sisi: nawa ne kuɗin kowanne har da kafawa, a wane gari mafi kusa za a sami kayan gyaransa, kuma ko mai sayarwa zai yarda ya koya wa yaransu biyu gyara. Duk wanda ya san wannan sana'a cikin masu karatu, ko ya taɓa aiki da famfon iska a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi, muna roƙonsa ya aiko da bayani ta hannun editan wannan shafi, za mu isar musu kafin iskar arewa ta sake tasowa.