Shure-shuren Kyankyaso

Duk gidan da aka yayyafa fiya-fiya da daddare, da safe ba a rasa abin kallo a bayan ƙofa. Ga kyankyaso nan rigingine, ƙafafu shida a sama, yana ta harbin iska. Sai ya yi tsit har ka ce ya mutu, can kuma ƙafar baya ta zabura, gashin nan biyu na kansa su karkaɗa, karkarwa ta dawo sabuwa. Yara su tsuguna suna zungurarsa da tsinke, uwar gida ta zo da tsintsiya ta haɗa shi da shara. An ce shure-shure ba ya hana mutuwa. A wajen wannan bawan Allah kuwa, shure-shuren ne ma mutuwar. Ba ƙoƙarin tashi yake yi ba, jijiyoyinsa ne suka kasa yin shiru.

Jijiya ba ta manne da abin da take ba wa umarni. Akwai ɗan siririn gibi a tsakani, kuma abin da ke tsallaka gibin wani sinadari ne mai suna asetilkolin. A jikin ƙwaro tsakanin jijiya da jijiya yake aiki. A jikin mutum har da tsakanin jijiya da tsoka, da zuciya, da hanji, da mafitsara, da wuraren da miyau da hawaye da gumi ke fitowa. Otto Loewi ne ya fara kama shi dumu-dumu a 1921 a birnin Graz na Ostiriya. Ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu, ya tsokani jijiyar ɗaya har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta lafa ba tare da an taɓa ta ba. Shi da Henry Dale suka raba kyautar Nobel a 1936.

Sai dai isar da umarni rabin aiki ne. Dole a goge shi nan take, kamar allon almajiri: an rubuta, an biya, a wanke, sannan sabon karatu ya samu wuri. Mai wankin shi ne kolinestares, kuma ba ya wasa, guda ɗayansa kan farfasa ƙwayoyin asetilkolin dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. To shi fiya-fiya ke damƙewa. Umarni ya hau kan umarni, tsoka ta yi ta karkarwa har ta gaji ta saki.

Wanda ya taɓa ganin mai feshin gona da irin wannan maganin ƙwari ya ratsa shi ya san siffar. Jikin mutum ya koma ruwa ta ko'ina: dalala, hawaye, majina, gumi sharkaf, amai da gudawa, ƙirji yana kurari. Naman cinya ko na fuska yana motsi da kansa a ƙarƙashin fata. In ka ɗaga fatar idonsa, baƙin tsakiyar nan ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Shi ya sa yakan ce gari ya yi duhu alhali rana tsaka ce. Irin maganar da aka ji ke nan daga bakin fasinjojin jirgin ƙasa na Tokiyo a 1995, da aka saki iskar sarin, wadda babbar yaya ce a dangin fiya-fiya. Ko a Jamus, neman maganin ƙwari Gerhard Schrader yake yi a 1936 ya faɗa kan ta farko a cikin irin waɗannan iskoki.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne, a ɗakin magani na asibiti akwai kwalabe a jere da ba su da wani aiki sai ƙara ƙarfin wannan umarni na asetilkolin, kuma da su ake ceton rai.

Wasu kwaikwayon asetilkolin suke yi, su zauna a mazauninsa. Filokafin na cikinsu, wanda aka fitar daga ganyen jaborandi na Birazil a 1875. Ana ɗiga shi a idon mai hawan jinin ido, baƙin idon ya tsuke, hanyar ruwa ta buɗe, matsin ya sauka. Masu amfani da shi kan yi kukan ciwon goshi da rashin gani sosai da almuru, kuma gaskiyarsu ce. Ana ba da ƙwayarsa ga wanda bakinsa ya bushe bayan gashin cutar daji. Nikotin na taba ma ɗan kwaikwayo ne, abin da ya sa yaron da ya fara zuƙar sigari a ɓoye kan fito da jiri da tashin zuciya da gumi mai sanyi.

Wasu kuma ba sa kwaikwayon kowa, mai wankin kawai suke riƙe wa hannu. Kakan waɗannan duka ɗan Najeriya ne. Wani wake ne mai kauri, launin ƙasa-ƙasa mai duhu, da ke yaɗo a bakin rafukan Kalaba, Efik na ce masa esere. Da shi ake shari'a a da. Wanda aka zarga da maita, a daka waken a dama a ba shi. In ya amayar ya rayu, an wanke shi, in ya faɗi, to dama maye ne. Akan ce wai mai gaskiya kwankwaɗewa yake yi gaba ɗaya don ba ya tsoro, cikinsa ya juya ya amayar, mai laifi kuwa kurɓa yake yi kaɗan-kaɗan har gubar ta shige shi. Labari ne mai daɗin faɗa, amma ni ban ga abin da zai hana marar laifi tsoro ba in an miƙo masa ƙwaryar mutuwa a gaban jama'a. Na fi zaton mai damun ne ke yanke hukuncin tun a bakin turmi.

'Yan mishan na Sikotlan suka aika da waken Edinbara. A 1855 Robert Christison, masanin guba, ya ci ɗan gutsure don ya ji da jikinsa. Da ya ga abin ya fi ƙarfin wasa, ruwan sabulun askinsa ya sha ya amayar, ya sha da ƙyar. A 1863 likitan ido Argyll Robertson ya nuna yadda waken ke tsuke baƙin ido, a 1864 aka ware sinadarin aka sa masa suna fisostigmin, a 1876 Ludwig Laqueur, wanda shi kansa ke fama da hawan jinin ido, ya fara maganin cutar da shi. Wadda ta fi burge ni ita ce Mary Walker, likita a wani asibitin marasa galihu a Girinic ta Landan. A 1934 ta dubi wata mai cutar mayastiniya, wadda fatar ido ke zubewa, taunawa da haɗiya su gagara, ta ce ai wannan ya yi kama da wanda aka harba da dafin kurare, kuma fisostigmin ne makarin kurare. Ta yi mata allura, matar ta buɗe ido. Har gobe masu wannan cuta ɗan uwansa piridostigmin suke sha. Niyostigmin kuma, wanda aka haɗa a 1931, shi mai ba da maganin barci ke turawa a ƙarshen tiyata don tsokar da aka kwantar ta farka, majiyyaci ya karɓi numfashinsa daga hannun na'ura. Akwai donefezil na masu cutar mantuwa ta Alzaima tun 1996, wanda ba ya warkarwa, ɗan jinkiri kawai yake sayo wa iyali.

Bambancin waɗannan da fiya-fiya a sakin hannu yake. Niyostigmin ya riƙe na ɗan lokaci ya sake. Dangin fiya-fiya kuwa in sun damƙe, bayan wasu sa'o'i damƙar takan zama mutu-ka-raba, sai jiki ya ƙera sabon kolinestares, abin da kan ɗauki kwanaki har makonni. Duk da haka iyakar ba ta da kauri. Shekaru da dama maganin tsargiya, kafin firazikwantel ya karɓe fagen, wata ƙwaya ce mai suna metirifonet, wadda in ta shiga jiki take rikiɗa a hankali ta zama daikulobos. Daikulobos kuwa shi ne abin da ke cikin Sniper da mafi yawan fiya-fiyan da ake ɗurawa a tsofaffin kwalaben allura a kasuwa. Wancan an auna shi da nauyin yaro. Wannan kuwa da ido ake tsiyaya shi, a ƙarƙashin katifa saboda kuɗin cizo, a buhun wake, a kan busasshen kifi, wasu har a kan yarinya saboda ƙwarƙwata, fata kuwa tana shansa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni. Mai shiga kasuwa ya san inda hanin ya tsaya.

Makarin fiya-fiya ma ba baƙo ba ne. Atirofin ake ce masa, yana toshe mazaunin asetilkolin, kuma danginsa ne ke cikin zaƙamin da ke fitowa a juji da kangon gida. Siffar wanda ya sha zaƙami kishiyar ta mai fiya-fiya ce sak: baki ƙamas, fata da zafi, baƙin ido ya buɗe wangale, sai sambatu. In ta yi tsanani, fisostigmin ɗin waken Kalaba ake yi masa. Amma wannan lissafin na mai sirinji ne, ba na tsakar gida ba. A gida abin da aka saba in yaro ya sha fiya-fiya shi ne a danne shi a ɗura masa manja ko madara, alhali ƙirjinsa ya riga ya cika da ruwa, ga fiya-fiyan sau da yawa da kananzir aka sirka shi. Ya ƙware, ɗurin ya tafi huhu, cuta ta zama biyu. Abin yi shi ne a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti da kwalbar a hannu. Can likita zai yi ta ƙara atirofin yana kara abin sauraro a ƙirji, ba zai sassauta ba sai kurarin ya ɗauke, hammata ta bushe, bugun zuciya ya taso.